Amsa ga mai tambaya kan tsofaffin katun da masu muryoyinsu

Assalamu alaikum, Malama. Na ga tambayar da kika kawo wannan zaure, inda kika ce yaranki sun samu hutun ƙarshen shekara sun manne wa waya, kina son ki sauya musu abin kallo da tsofaffin fina-finai da katun irin waɗanda muka taso da su, amma kin tarar wasunsu an yi su ne don bikin Kirsimeti, sannan babbar 'yarki ta tambaye ki ko mutum ne yake magana a bakin zomo da agwagwa ko kuwa na'ura ce. Wasu sun ba ki amsa a taƙaice cewa katun duk ɓata lokaci ne. Ni ban yarda da wannan hukunci ba, kuma da yake na daɗe ina wasan kwaikwayo na rediyo a nan Birnin Kebbi kafin in ajiye aiki, ina ganin akwai abin da zan iya ƙarawa, musamman a kan murya, domin a wurina nan ne ran abin yake.

Ki gaya wa 'yarki mutum ne, kuma sau da yawa mutum ɗaya ne yake magana da baki da dama. Zomon nan Bugs Bunny, da agwagwa Daffy Duck, da alade mai in'ina Porky Pig, da ɗan tsuntsu Tweety tare da kyanwar da take farautarsa, duk muryar wani Ba'amurke ce mai suna Mel Blanc, wanda aka haifa a 1908 ya rasu a 1989. Idan kika ji tsuntsun da kyanwar suna cacar baki, to shi ne yake faɗa da kansa, an ɗauki kowace murya daban aka haɗa. A farkon 1961 ya yi mummunan haɗarin mota, ya kwanta kimanin mako biyu bai san inda yake ba. Ɗansa ya sha ba da labarin cewa wani likita ne ya gwada kiransa da sunan zomon, sai ga shi ya amsa da muryar zomon. Da aka mai da shi gida yana jinya, sai aka kai na'urorin ɗaukar murya har bakin gadonsa, sauran 'yan wasa suka kewaye shi aka ci gaba da aikin shirin The Flintstones. Mutumin da aikinsa ya shige masa jini haka bai cancanci a ce abin da ya bari wasan banza ne ba. Shi ma Walt Disney da bakinsa ya yi muryar Mickey Mouse tun daga 1928 har kusan shekara ashirin, ita kuwa agwagwa Donald Duck wani mai suna Clarence Nash ne ya riƙe muryarta kimanin shekara hamsin.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne a irin waɗannan katun na Amurka murya ce ake fara ɗauka, daga baya masu zane su zauna su saurara, su zana baki da gira da kafaɗa daidai da abin da suka ji. Fim yana tafiya da hoto 24 a cikin kowace daƙiƙa, masu zane kuma kan yi sabon zane 12 zuwa 24 don cika wannan daƙiƙa ɗaya, saboda haka katun na minti bakwai yakan ci zane sama da 5,000, kowanne da hannu a kan takarda kafin a kwafe shi a fente. Ke nan idan mai murya ya ja numfashi ko ya yi gyaran murya, akwai wanda zai wuni yana zana wannan numfashin. Masu fassara fina-finan Indiya zuwa Hausa nasu aikin a juye yake, domin bakin ya riga ya motsa, su ne za su nemo kalmar Hausa da za ta shiga cikinsa ba ta yi tsawo ba, ba ta gaza ba. Wannan ma gwaninta ce babba, kuma wanda bai taɓa gwadawa ba ba zai san wuyarta ba.

A ɗakin da muke ɗaukar wasa, wanda aka manna wa bangonsa kwalayen ƙwai don kada sauti ya yi amsa-kuwwa, akwai wata abokiyar aikinmu, uwar 'ya'ya, wadda ita muke ba rawar ɗan yaro mai ƙiriniya. Sababbin shiga idan aka ce su yi muryar yaro sai su matse maƙogwaro su yi ta tsiwa, abin ya fito kamar kukan ƙofa. Ita ba haka take yi ba. Takan ɗan matsa baya daga makirfo, ta ɗaga haɓa sama kamar mai kallon babba, ta riƙa yanke numfashi a tsakiyar magana, domin ta lura yaro idan yana ɗokin ba da labari iska takan ƙare masa kafin ya kai ƙarshen zance. Har wasiƙu aka riƙa aiko mana daga Argungu da Jega ana gaida yaron, ana yi masa addu'ar shiriya. Daga wurinta na koyi cewa mai murya na ƙwarai numfashin mutum yake fara kamawa kafin sautinsa. Ba kuma baƙon abu ba ne mace ta yi muryar namiji yaro, domin Bart na cikin shirin The Simpsons ma mace ce take yinsa, Nancy Cartwright, tun ƙarshen shekarun 1980. Mu Hausawa mun san wannan fasaha tun kafin zuwan talabijin, domin duk wanda kakarsa ta yi wa tatsuniya ya san yadda take sauya harshe ta yi tsamin bakin Gizo, ta koma ta yi kaurin muryar kura, ba tare da ta ce ga wanda yake magana ba.

Abin da yake ci mini rai a wannan sana'a shi ne yadda ake ɓoye masu ita. Budurwar da ta yi muryar Snow White a fim ɗin 1937, Adriana Caselotti, ba a rubuta sunanta a jikin fim ɗin ba, kuma abin da aka biya ta bai kai dala dubu ɗaya ba, alhali fim ɗin ya tara miliyoyi. Mel Blanc ma sai a 1944 ya samu aka fara sa sunansa. A wannan fanni Indiyawa sun fi yin adalci, domin ko a nan garuruwanmu tsofaffin masu shiga silima sun san cewa leɓen jaruma ne yake motsi amma Lata Mangeshkar ce take rerawa, kuma sun san Mohammed Rafi da murya ko da ba su taɓa ganin hotonsa ba. Yau kuwa sai ki kalli fim mai fassarar Hausa daga farko har ƙarshe, ki yi dariya ki yi hawaye, amma ba za ki ga sunan ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda suka ɗora muryar ba. Shi ya sa nake roƙon ki, idan shiri ya ƙare kada ki bari yara su tsallake jerin sunaye, ki sa mai iya karatu a cikinsu ya nemo wanda ya yi muryar.

Idan kina neman inda za ki fara, ni Tom and Jerry na asali zan zaɓa miki, wato guda 114 da William Hanna da Joseph Barbera suka yi tsakanin 1940 da 1958, waɗanda bakwai daga ciki suka ci kyautar Oscar. Kusan babu magana a cikinsu, don haka yaron da bai ji Turanci ba bai yi asarar kome ba. Kiɗa ne yake ba da labarin, kowane taku da kowace faɗuwa da nata sauti, ihun da kyanwar take kurmawa idan aka take mata wutsiya kuwa shi Hanna ne da kansa ya yi shi. Akwai wasan da nake yi da jikokina, in kife wayar a kan tabarma su saurara kawai, kowa ya faɗi abin da yake tsammanin yana faruwa, sannan mu juya mu duba. Ƙaramar cikinsu, wadda ba ta shiga firamare ba, ita ta fi kowa gane lokacin da ɓeran yake sanɗa.

Batun na Kirsimeti kuwa yana buƙatar a yi masa bayani a tsanake. A Amurka gidajen talabijin sun saba da shirya katun na musamman, na kimanin rabin awa, wanda ake nunawa sau ɗaya a shekara idan biki ya matso, har uba da ɗa da jika su zama sun san shiri ɗaya. Wanda ya fi burge ni shi ne A Charlie Brown Christmas, da aka fara nunawa a watan Disamba na 1965. Masu shirin sun ƙi ɗaukar manya su kwaikwayi yara, suka nemo yara na gaske, har akwai wadda ba ta iya karatu ba, sai ana faɗa mata magana gutsure-gutsure tana maimaitawa. Shi ya sa za ki ji zancensu yana ɗan tuntuɓe, kuma wannan tuntuɓen ne ya sa mai sauraro yake gaskata su. Labarin na wani yaro ne da ransa ya ɓaci ganin biki ya koma saye-saye da nuna isa. Duk wanda ya ga yadda uban gida yake shiga bashi saboda ɗinkin Sallah, ko yadda ake auna girman rago tsakanin maƙwabta, zai gane abin da yake damun wannan yaro.

Sai dai ki sani a cikinsa akwai wurin da wani yaro ya tsaya ya karanta ayoyi daga Linjila kan haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, bisa fahimtar Kirista. 'Yan'uwanmu Kirista da suke cikin wannan zaure, irin mutanen ƙasar Zuru, wannan nasu ne kai tsaye. Idan kuma gidanki na Musulmi ne kamar nawa, shawarata ita ce ki fara kallonsa ke kaɗai, in kin ga ya dace ki zauna tare da waɗanda suka yi wayo, ki gaya musu wannan bikin maƙwabtanmu ne, ga yadda suka ɗauke shi, ga kuma abin da mu muka yi imani da shi. Ni na fi son jikana ya ji wannan bayani daga bakina da ya tsinto shi a waya ba mai yi masa jagora. Wanda kuma ya ga gara ya bar shi gaba ɗaya, ban ga laifinsa ba, domin akwai madadi. A Masar an fara nuna Bakkar a 1998, labarin wani yaro ɗan ƙabilar Nuba, ya zama abin da yara suke jira duk watan azumi. A Malesiya ma Upin & Ipin ya fara ne a 2007 a matsayin shirin Ramadan, kan wasu tagwaye da suke koyon azumi a hannun kakarsu da yayarsu.

Waɗannan biyun su suke tayar mini da tambayar da har yau nake jin zafinta, wato me ya hana mu samun namu na Sallah da Hausa, wanda yara za su riƙa jira kowace shekara. Kayan aikin duk muna da su. Muna da tashe, inda daga goma ga azumi yaro zai manna gemun auduga ya ranƙwafa ya yi muryar tsoho har manya su riƙe ciki. Muna da hawan Sallah, da yawon barka da Sallah, da yarinyar da take kwana da lalle a ƙafa tana tsoron kada ya ƙi kamawa. Masu murya kuwa sun cika gidajen rediyonmu daga Birnin Kebbi har Gusau. Abin da ya rage shi ne mai zuba jari da zai yarda cewa shirin yara ba aikin raini ba ne.

Game da tsofaffin fina-finai na mutane, ba zan tsawaita ba. Ga manyan yaranki, ki nemi Shaihu Umar na 1976, wanda Adamu Halilu ya ba da umarni daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. An daɗe ba a ganinsa, sai da aka gano faya-fayansa aka gyara, aka nuna shi a bikin fina-finai na birnin Balin da ke Jamus a 2018. Hausar cikinsa kaɗai ta isa dalilin kallo, amma akwai bauta da rabuwar uwa da ɗa, don haka ba na ƙanana ba ne. Za su ce yana tafiyar hawainiya, domin idonsu ya saba da hoton da yake sauyawa kafin ƙiftawa. Ki raba musu shi zama biyu ko uku.

Kada kuma tsufan abu ya sa ki saki jiki da shi. A cikin katun na shekarun 1940 akwai waɗanda suka zana baƙar fata da siffar wulaƙanci, akwai shan taba, akwai duka da guduma da yaro ƙarami zai iya gwadawa a kan ƙaninsa. Wasu masu fassara na yanzu kuma sukan cusa habaici da zancen manya wanda babu shi a asalin shirin, don kawai a yi dariya. Saboda haka ki sauke waɗanda kika tantance a kan waya ko kwamfuta, ki kashe data kafin ki miƙa musu, kada na'ura ta zaɓa musu na gaba. Idan kuma kika ci karo da wata fassarar Hausa mai tsabta wadda ta rubuta sunayen masu muryarta, don Allah ki sanar da mu a nan, ina son in nuna wa nawa jikokin.