Ku Tambaya, Mu Amsa: Kuɗin Iyaye, Sujadar Iyali da Gwajin Jini

Tambaya, daga wata 'yar'uwa a Sabon Gari: Maigidana malamin makaranta ne, ni kuma ina da shagon ɗinki. Duk wata yana tura wa mahaifiyarsa da ƙannensa kuɗi ba da sanina ba, sai lokacin haya ya yi mu shiga neman rance. In na yi magana ya ce umarnin Allah ne a girmama iyaye. Shin zunubi nake yi da nake jin haushi?

Amsa: 'Yar'uwa, kula da iyaye wajibi ne, kuma kada ki yarda a ji daga bakinki cewa a daina. A Markus 7:9-13 Yesu ya tsawata wa masu hana iyayensu taimako da hujjar sun keɓe dukiyar ga Allah, 1 Timoti 5:8 kuma ta yi magana mai zafi a kan wanda ya ƙi kula da danginsa. Amma Farawa 2:24 ta ce mutum zai bar mahaifinsa da mahaifiyarsa ya manne wa matarsa, su zama jiki ɗaya. Inda maigidanki ya kauce shi ne ɓoyewar. Kuɗin da ya fita daga gida a ɓoye yana cin amana, ko da wurin alheri ya tafi.

Ga abin da za ku yi. Ku zaɓi rana ɗaya a wata, kwana ɗaya ko biyu bayan shigar albashi, yara sun yi barci. Ku ɗauki littafi da biro. Ke ce za ki fara buɗe naki: abin da shago ya kawo, adashin da kike zubi, bashin da kike bin masu ɗinki. Da wuya namiji ya buɗe aljihunsa ga matar da ta rufe nata, kuma mata da yawa da ke kuka da wannan matsalar suna da adashin da miji bai san da shi ba.

Sai ku jera fitar kuɗi bi da bi. Zakka da baiko a sama, yadda kuka amince a gaban Allah. Sai haya: ku raba kuɗin shekara gida 12, ku riƙa ware kason kowane wata a asusun da ba shi da katin cirewa. In hayar naira 240,000 ce, naira 20,000 ke nan a wata. Kuɗin makaranta zango uku ne a shekara, don haka a raba na kowane zango gida huɗu. Abinci kuwa, mu a nan ƙasar Zazzau Allah ya hore mana sauƙi ɗaya: daga Nuwamba zuwa Disamba masara da dawa suna sauka a kasuwannin hatsi irin na Giwa. A sayi na watanni, a shanya ya bushe sarai, a zuba a buhun nan mai leda biyu a ciki, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. In hatsin da sauran laima zai yi fumfuna, in kuma ledar ta huje ƙwari za su shiga.

Bayan waɗannan sai kason iyaye, na ɓangarensa da naki, adadi tsayayye wanda su ma za su san shi. Shawararmu ita ce ke ki riƙa kai wa Mama nata da hannunki, ko ki tura ki kira ta ki gaishe ta, shi kuma ya kai wa naki iyayen. Cikin 'yan watanni surukar da ke zaton ke ce ke tare mata ɗa za ta fara sa miki albarka. Ƙannen da suka kai ƙarfin aiki kuma, kuɗin koyon sana'a sau ɗaya ya fi musu amfani a kan kuɗin kati duk mako.

Inda tsarin ke rushewa shi ne rashin lafiya ko rasuwa a ƙauye, domin ba sa sallama. Ku ware musu wani abu duk wata, ko da naira 5,000 ne. In maigidanki ya ƙi zama gaba ɗaya, bi Matiyu 18:15-16: ke da shi tukuna, sannan dattijo ɗaya na ikkilisiya da yake jin nauyinsa. Kada ki kai maganar taron Zumuntar Mata da sunan roƙon addu'a. In ta dawo kunnensa ta bakin wasu, gyaran zai ƙara wuya.

Tambaya, daga wani ɗan'uwa a Samaru: Sau da yawa mun fara sujadar iyali, ba ma kai mako biyu. Yara suna gyangyaɗi, matata kuma ta ce na cika tsawaitawa. Yaya ake yi ta ɗore?

Amsa: Ɗan'uwa, uwargida ta faɗa maka gaskiya. Minti 10 zuwa 15 sun isa gidan da ke da ƙananan yara. Ku ɗaura ta a jikin abin da ba a fashinsa, wato abincin dare: da an kwashe kwanuka, kafin kowa ya tashi, a ajiye wayoyi a ɗaki. Waƙa ɗaya, baiti biyu ko uku. Karatu aya 8 zuwa 12, yaron da ya iya karatu shi zai karanta. Tambaya ɗaya ga kowa, misali, “Me Yesu ya yi a nan?” Sai addu'a, mutum biyu kawai a kowane dare, ana juyawa.

Ku fara da Bisharar Markus, sura 16 ce kuma labari ne mai tafiya da sauri. Bayanta Karin Magana, mai sura 31. Ranar Asabar a yi haddar Zabura 23 ko 121, aya ɗaya a mako.

Abu biyu ke kashe sujadar iyali. Na farko, uba ya mai da ita kotu, ya tara laifuffukan yini ya zazzage su bayan karatu, ko ya yi wa matarsa habaici a cikin addu'a. Yara suna ganewa, kuma za su tsani lokacin. Na biyu, a ce sai uba yana nan. In kana aikin dare, uwargida ta jagoranta. Bangaskiyar Timoti ta wurin kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki ta zo (2 Timoti 1:5). Muna kuma roƙo a riƙa karantawa da Hausa ko da yara sun fi sabawa da Turanci a makaranta. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, kuma Dakta Miller, wanda aikin mishan na Zariya ya kafu a hannunsa, yana cikin waɗanda suka yi wahalar fassara shi. Abin takaici ne a haifi yaro a garin nan ya tashi bai iya karanta shi ba.

Tambaya, daga wata budurwa a Wusasa: Ni AS ce, saurayina ma AS. Ya ce in muna da bangaskiya Allah zai kare 'ya'yanmu. In yarda?

Amsa: 'Yarmu, ki fara sanin lissafin. AS nau'in jini ne (jinotayif) na wanda ke ɗauke da gadon sikila amma ba shi da ciwon, AA kuma na wanda ba ya ɗauke da shi. In AS ta auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar kashi 25 cikin 100 na zuwa da SS, wato sikila, kashi 50 AS, kashi 25 AA. Lissafin sabo ne a kowane ciki, don haka ana iya samun SS biyu ko uku a jere. Allah mai iko ne, amma da Shaiɗan ya ce wa Yesu ya diro daga kan Haikali, amsarsa ita ce kada a gwada Ubangiji (Matiyu 4:7). Shawararmu ita ce kada ku ɗaura auren nan a kan fatan mu'ujiza.

Kafin ku yanke, ku sake gwajin jinotayif a ɗakunan gwaji biyu daban-daban, domin ana samun kuskure, kuma kowa ya ga an ɗebi jinin ɗan'uwansa da idonsa. Sannan ku je tare ku zauna da likitan jini a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ku ji abin da renon mai sikila ke buƙata: magani kullum, kariya daga zazzaɓin cizon sauro, kwanciya asibiti in ciwon ya tashi, wani lokaci har ƙarin jini. Ku sanar da fastonku sakamakon tun yanzu, kafin iyaye su karɓi kayan gaisuwa ko a sa rana.