Jajayen kwanukan Rumawa: fenti ne ko yumɓu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamar makaranta ce a Aboabo, Kumasi. Na nuna wa ɗalibaina hotunan wasu jajayen kwanukan ƙasa na zamanin Rumawa da ke gidan tarihin Birtaniya a Landan, masu sheƙi da siffofin dabbobi da ganyaye a jikinsu, sai suka tambaye ni ko fenti aka shafa musu, da kuma dalilin da ya sa ake adana har da fasassunsu. Ina neman ƙarin bayani.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya ƙara wa yaran basira. Babu fenti ko kaɗan a jikin waɗannan kwanuka, waɗanda masana ke kira terra sigillata. Magini yakan tace yumɓu har ya zama ruwa mai laushi ƙwarai, ya tsoma kwanon a ciki, sannan a gasa shi a wutar da zafinta ya kai kimanin digiri 1000 tare da barin iska tana shiga, kuma sinadarin ƙarfen da ke cikin yumɓun shi ne yake rikiɗewa ya ba da jan launin nan mai sheƙi.

Adon kuwa ba a sassaƙa shi da hannu a kan kowane kwano. Da farko ana gina wani kasko mai kauri, a danna ƙananan hatimai masu siffar zaki ko kare ko ganyen inabi a cikinsa tun yana ɗanye, kamar yadda masu rinin adinkira, wato yadin ado na Ashanti, a garin Ntonso kusa da Kumasi suke danna hatimin ƙwarya a kan yadi. Idan an gasa kaskon, sai a liƙa sabon yumɓu a cikinsa a kan faifai mai juyawa. Da kwanon ya fara bushewa yakan ɗan tsuke ya saki kaskon, a ciro shi da adonsa a fito. Ta haka kasko ɗaya yake haifar da kwanuka masu yawa iri ɗaya.

Sana'ar ta bunƙasa a Arezzo ta ƙasar Italiya gab da haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, daga baya kasuwar ta koma La Graufesenque da Lezoux a Faransa ta yau, kuma maginan Tunisiya sun ci gaba da yin nasu jajayen kayan har ƙarni na 7.

Batun fasassun shi ne ya fi muhimmanci a ganina. Magina da yawa sukan buga sunayensu a jikin kayan, salon ado kuma yana sauyawa daga tsara zuwa tsara, saboda haka guntun da bai kai tafin hannu ba yana iya nuna garin da aka yi shi da shekarun da aka yi shi, ya kuma bayyana shekarun ginin da aka tono shi a ciki. Bajamushe Hans Dragendorff ya jera siffofin kwanukan da lambobi a 1895, kuma har yau da lambobinsa ake aiki. A Pompeii ta ƙasar Italiya, garin da aman wutar dutse ya binne a shekara ta 79 miladiyya, an sami akwati ɗauke da kwanuka 90 daga kudancin Faransa waɗanda ba a kai ga amfani da su ba, don haka duk guntun da ya yi kama da su an san zamaninsa. Ki sa ɗaliban su sake duba hotunan, su nemi sunan magini a tsakiyar cikin kwanon ko a tsakanin adon.