Kwamfuta ta daina ganin talabijin bayan ɗauke wuta

Ɗan'uwa na Agege, ka ce duk sanda aka ɗauke wuta kuka tayar da janareta, kwamfutar da kuke kallo da ita sai ta daina ganin talabijin, ya nuna babu sigina. Kada ka kai ta wajen mai gyara tukuna.

Idan kwamfuta ta tashi, takan tambayi talabijin ta wayar HDMI, wato wayar da ke haɗa su, irin girman hoton da zai iya ɗauka, shi kuma ya amsa da bayanin da ake kira EDID. To wasu talabijin suna da nawa wajen farkawa. In ta riga shi tashi, ta yi sallama ta ji shiru, sai ta ɗauka babu kowa a gidan. Don haka fara kunna talabijin, ka sa shi a kan ramin da ka soka wayar (lambar tana rubuce a bayansa), sannan ka kunna kwamfuta.

In ta riga ta tashi, zare wayar ka mayar, ko ka danna maɓallin Windows da P tare ka zaɓi Duplicate, wato a nuna hoton kwamfuta a talabijin ma.

Ni dai wayar nake fara zargi. Haƙora 19 ne a bakinta, na 19 ɗin shi ke sanar da kwamfuta an jona talabijin, kuma danshin Legas bai bar ƙarfe ba. Haska tocila ka duba ko akwai tsatsa ko lanƙwasa. Ari ta maƙwabci ka gwada kafin ka kashe kuɗin mota zuwa Computer Village, kasuwar kwamfuta ta Ikeja.