Tarwadata Na Mutuwa Da Gyambo A Jiki

Tambaya: Malam, ina kiwon tarwada a tankin siminti. Kwana uku ke nan ina tsintar matattu, jikinsu da jan gyambo, ciki a kumbure. Me ya same su? Daga mai karatu a Wudil.

Amsa: Allah ya mayar da alheri, ɗan'uwa. Alamun sun fi kama da aikin ƙwayar cutar Aeromonas. Dama tana cikin ruwa, sai ya ƙazantu da ragowar abinci da kashin kifi take cin galaba. Sunsuna ruwan tukuna, na tabbata za ka ji wari. Canja shi, rage abinci, binne matattun. Kada ka antaya musu maganin kaji da ka, haka ƙwayar ke daina jin magani. Kai wa likitan dabbobi kifin da ke da ciwon da ransa, don mataccen kifi saurin ruɓewa yake, gwajinsa wuya.