Farin ƙanzon da ke ƙona hita: amsoshin tambayoyinku

Wata 'yar'uwa daga wani ƙauye a yankin Ringim ta rubuto cewa tun shigowar hunturu hita biyu ta ƙone mata, irin wadda ake tsomawa a bokiti. Ƙanwarta na wankan jego, kullum sai an dafa ruwa safe da yamma. Ta ce kowacce kafin ta mutu sai wani farin abu ya lulluɓe ƙarfen. Tana tambaya ko ta ƙara kuɗi ta sayi mai tsada.

'Yar'uwa, ki riƙe kuɗinki tukuna. Matsalar daga ruwan take. Ruwan burtsatse da na rijiya kan kwaso sinadarin kalsiyam da magnesiyam daga ƙasa, a narke, ido ba ya gani. Da zarar ya sha wuta sai su daskare su manne a wurin da ya fi zafi, wato jikin ƙarfen. Dangin alli ne da ɓawon ƙwai. Ki ɓanɓaro ɗan kaɗan ki ɗiga masa lemun tsami, za ki ga yana tsattsafo da ƙananan kumfa. Irin wannan ruwa ne kuma yake sa ki yi ta goga sabulu kumfa ta ƙi tashi.

Ƙanzon nan kamar bargo yake wa hitar. Zafin da ya kamata ya fita cikin ruwa sai ya tsaya a ciki, har wayar ciki ta tsinke. Mai tsadar ma haka za ta ƙare, sai dai ta ɗan daɗe.

Maganinsa tsami ne. Ki cire hitar daga wuta, ki bari ta huce, ki tsoma ƙarfen kawai a ruwan khal (wato binega, ruwan tsami na girki) da aka sirka da ruwa rabi da rabi, ya kwana. Kada ruwan ya taɓa mariƙin da wayar. Idan babu khal, ruwan lemun tsami ko jiƙon tsamiya mai kauri zai yi, sai dai a hankali. Da safe ki goge da tsohon buroshin haƙori, ki ɗauraye. Kada ki kankare da wuƙa, kina iya huda ƙarfen, daga nan kuma wuta ta shiga ruwa. Kanwa ba ta cin wannan abu ko kaɗan, ruwan batir kuwa kada ma ya zo kusa da gidan. Tunda aikin jego ne, sau ɗaya a mako bai yi yawa ba. Kuma don Allah a gaya wa yara: ba a sa hannu a bokiti don jin ko ruwa ya yi zafi sai an zare filogi.

Wani Alhaji daga wajen Dambatta ya gama gini, zai sa tankin dumama ruwa a banɗaki. Mai shago a Sabon Gari ya ba shi shawarar ya haɗa da wani maganaɗisu da ake ɗaurawa a bututu, wai yana hana ƙanzo.

Alhaji, ni ba zan saya ba. Maganaɗisu ba ya cire komai daga ruwa, kalsiyam ɗin yana nan yadda yake. Abin tace ruwa na bututu da alif ma laka da datti suke kamawa, ba abin da ya narke ba. Na'urar da ke aikin da gaske ita ce mai amfani da gishiri, tana da tsada kuma tana son kulawa kullum.

Abin da zai fi maka amfani kyauta ne: makunnin daidaita zafi. Ka ajiye shi a digiri 60. Sama da haka ƙanzo yake taruwa da sauri, ga wutar da ake sha a banza. Ƙasa da haka sosai kuma ƙwayoyin cuta suna samun wurin zama a tanki. Wajen saye, ka tambaya ko ana iya kwance ƙarfen dumamawar a canza shi, kuma ko ana samun sa a Kano. Sau ɗaya a shekara, kafin sanyi ya shigo, mai gyaran famfo ya zubar da ruwan tankin ya wanke gindinsa. In ka fara jin tankin yana ƙara kamar ana suyar gyaɗa, lokaci ya riga ya yi. Gaskiya dai, a tankin lantarki asarar da ta fi ciwo ita ce ƙonewar ƙarfe da jiran ruwa ya yi zafi, alhali wutar KEDCO da hasken rana duk lokacinsu a ƙidaye yake. Masu itace da gawayi su ne ƙanzon gindin tukunya yake ci wa makamashi kai tsaye.

Wani mai shayi daga Kazaure ya tambaya ko farin ɓarɓashin da ke gindin butarsa yana cutarwa. Ba guba ba ne, malam, sai dai ya ɓata wa mai saye rai idan ya gan shi a kofi. Ka daina barin ragowar ruwa yana kwana a buta ana sake tafasa shi. Da damina kuma, in kana tarar ruwan sama mai tsabta, yi amfani da shi, kusan ba ya barin komai.