Me ya sa mahaya dawaki suka yi ta gwabzawa a gundumar Culpeper?

Tambaya: Malam, ɗana yana karatu a jihar Virginia ta Amurka, kuma zan kai masa ziyara bayan Sallah. Ya ce zai kai ni wata gunduma ta karkara mai suna Culpeper, wai a can aka yi yaƙin dawaki mafi girma a ƙasar. Da gaske ne? Me ya kai yaƙi wurin, kuma me zan gani? Daga wani mai karatu a Katsina.

Amsa: Alhaji, ɗanka bai yi maka ƙari ba. Ranar 9 ga Yunin 1863, a tsakiyar yaƙin basasar Amurka, mutum kusan 20,000 suka kara a Brandy Station, wani ƙauye a gundumar, yawancinsu a kan doki. Ba a taɓa yin irinsa a Amurka ta Arewa ba.

Abin da ya jawo wa Culpeper wannan ƙaddara shi ne inda Allah ya ajiye ta. Tana tsakanin koguna biyu, Rappahannock da Rapidan, kusan rabin hanya tsakanin Washington, fadar 'yan Arewa, da Richmond, fadar 'yan Kudu masu neman ɓallewa don riƙe bauta. Layin dogo ya ratsa ta. Kogunan kuma ba ko'ina ake ƙetare su ba sai ta mashigai, irin su Kelly's Ford da Beverly's Ford. Tsaron mashigi, leƙen asirin abokan gaba da cire layin dogo duk aikin mai doki ne.

Farkon yaƙin, 'yan Kudu sun fi ƙwarewa a hawa, domin yawancinsu a kan sirdi suka tashi. Har raini ya shiga. A Fabrairun 1863 Janar Fitzhugh Lee na 'yan Kudu ya kai hari ƙetaren kogi, ya bar wa tsohon abokinsa na makarantar soja, William Averell na 'yan Arewa, takardar tsokana cewa in zai rama ziyara ya taho masa da buhun gahawa. Ranar 17 ga Maris Averell ya ƙetaro ta Kelly's Ford da mahaya kusan 2,100, aka wuni ana fafatawa, ya koma ya bar masa buhun. A ranar ne John Pelham, matashin kwamandan igwa na 'yan Kudu ɗan shekara 24, ya samu raunin da ya yi ajalinsa.

Sai Yuni. J.E.B. Stuart, shugaban mahayan Kudu, ya tara mutum kusan 9,500, ya yi musu gagarumin fareti da sukuwa, mutanen gari suna kallo, kusan yadda ka saba gani a hawan Sallah. Ya sake wani ranar 8 ga wata a gaban babban kwamandansu, Robert E. Lee. Washegari da asuba, cikin hazo, John Buford na 'yan Arewa ya ƙetaro ta Beverly's Ford ya same su ba shiri, wasu ko sirdi ba su ɗaura ba. Ana cikin haka David Gregg, wani janar na 'yan Arewa, ya ɓullo musu ta baya. Tudun Fleetwood ya yi ta sauya hannu, takobi da ƙaramar bindiga, doki na bangazar doki cikin ƙura, har la'asar. 'Yan Arewa suka janye bayan asarar mutum kusan 900 tsakanin matattu, masu rauni da kamammu. Ta Kudu ta haura 500.

Stuart ne ya riƙe filin, amma ni a ganina ranar ta 'yan Arewa ce. Daga nan suka daina jin tsoron mahayan Kudu, kuma mako uku bayan haka Buford ɗin nan ne ya tare rundunar Robert E. Lee a ranar farko ta babban yaƙin Gettysburg.

In ka je, fara da tudun Fleetwood, ka tsaya a kansa ka dubi filin. Nan za ka gane dalilin da ya sa aka mutu a kan ɗan tudu. An taɓa yunƙurin gina filin tseren motoci a yankin, masu kishin tarihi suka tsaya har aka saye filayen. Sannan ka shiga Graffiti House, gidan katako kusa da layin dogo da aka mayar asibiti lokacin yaƙin. Sojojin ɓangarorin biyu sun rubuta sunayensu da zane-zane a bango da gawayi da fensir, aka rufe da fenti da takardar ado, sai a 1993 aka gano su. Wannan gida ya fi ko'ina taɓa min zuciya. Akwai kuma Cedar Mountain, inda aka gwabza ranar 9 ga Agustan 1862.

A bakin Rappahannock ka tuna da bayin gundumar. A watan Agustan 1862 an ɗauki hoton wasu iyalai suna ratsa kogin da amalanken shanu, suna bin sojan Arewa don neman 'yanci, ta irin mashigan da mahayan suka yi ta kashe juna a kansu.