Hoton hula kaɗai ba ya faɗin sunan laimar kwaɗi

Ka tambaye ni, wai in ka ɗauki laimar kwaɗi a hoto daga sama, manhajar waya ta ba ka sunanta, shi ke nan an gama? Yaro, ka fama mini tsohon miki.

Shekarun baya wani mutum ya ba ni aikin hotunan littafin da yake haɗawa a kan laimar kwaɗi ta dazukan kan tsaunuka. Mako uku na yi cikin hazo da yayyafi, ina rub da ciki a kan ruɓaɓɓen ganye, matsattsaku na shan jinina. Danshin dajin ya shiga gilashin kyamarata, fumfuna ta tsiro a ciki, gilashin bai ƙara moruwa ba. Tun kafin mu fara na ce masa sai an tono kowace ɗaya an ɗauki ƙarƙashinta. Ya ce ɓata lokaci ne, shi kyawun hula yake so, kuma shi ke biya. Da ya kai wa masani hotunan, masanin ya ce fiye da rabi ba za a iya gane irinsu ba. Sai mutumin nan ya juye laifin a kaina, ya danne ragowar kuɗina. Bayan shekara na ga hotunana a littafinsa, ko sunana babu. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Saboda haka kada in ga ka yanke laimar kwaɗi da wuƙa. Tono ta za ka yi har gindi. Amanita phalloides, wadda ta fi kowace kisa, tana da zobe a wuya da wata jaka a gindi, sau da yawa binne cikin ƙasa. Wanda ya ci ta sai ya yi awa 6 zuwa 24 lafiya lau, alhali gubar tana cin hantarsa. Volvariella volvacea da ake ci ita ma tana da jakar, amma ba ta da zobe, kuma ƙurar irinta ruwan hoda ce, ta waccan fara fat. Ka kife hular a kan takarda rabi fara rabi baƙa, ka rufe da kofi ta kwana, da safe ka ɗauki launin ƙurar. Haka ake kama Chlorophyllum molybdites, wata mai guba ta ƙasashe masu zafi, tata ƙurar kore-kore ce.

Ka ɗauki inda ta tsiro: kututture ne, ƙasa ce, ko suri? Termitomyces saiwarta doguwa ce, har cikin gidan gara take kaiwa. Ka tsaga ɗaya ka jira, wasu namansu kan koma shuɗi nan take.

Zancen haske da saita kyamara ba zan ɓata bakina ba, wanda bai iya wannan ba bai isa shiga daji ba. Ku yaran yanzu ba ku son gwiwarku ta taɓa laka, kuna tsaye ƙyam kuna latsa waya. Kuma ko manhajar ta rantse maka, kada ka kai komai baki. Gobe da asuba ka zo da ƙaramin madubi, da rula, da abin tono.